Zakaran Gwajin Dafi Ko Abokin Shawara? Matsayin Majinyata da Jama'a a Binciken Lafiya



Na tabbata tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca akwai masu tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da binciken lafiya? Tambayar kuwa tana bisa hanya, gama ni ban taɓa riƙe allura ba, jini ma in na gani kau da kai nake yi. Abin da ya jawo ni cikin wannan sha'ani shi ne aikin fassara. Shekara da shekaru ke nan akan kawo mini takardun nan da masu bincike suke karanta wa marasa lafiya kafin a sa su cikin bincike, a ce in juya su zuwa Hausa. Galibi kuma akan kawo su ne ana saura kwana biyu ko uku a fita aiki, bayan an riga an gama kome: an zaɓi cutar da za a bincika, an tsai da yawan mutanen da za a ɗauka, kuɗi sun fito, motoci sun sha mai. Abin da ya rage kurum shi ne a sami Hausar da za ta sa mutane su dangwala hannu. A cikin wannan aiki ne na lura cewa wahalar da nake sha wajen neman kalma tana da asali. Ana so a gaya wa mutane a ƙarshen tafiya abin da ya kamata a ce da su aka tattauna shi tun kafin a ɗaura sirdi.

Ɗan harafin "da"

Bari in fara da abin da na sani, watau nahawu. Ɗan harafin nan "da" yana da ayyuka masu yawa a Hausa, amma biyu daga ciki su ne suka shafe mu yau. In na ce, "Na yanka nama da wuƙa," wuƙa kayan aiki ce. In kuwa na ce, "Na yi shawara da Audu," Audu abokin aiki ne. To, idan aka ce, "An yi bincike da mutanen ƙauye kaza," wanne ake nufi? Wuƙa ne su, ko kuwa Audu? Jimlar ba ta faɗa ba, sai an je ƙauyen an tambaya.

Hausawa suna da suna ga wanda aka mai da shi kayan aiki a irin wannan hali. A da, in maharba ko mayaƙa suka dafa dafin kibiya, sai su nemi zakara su soke shi. In ya faɗi nan take, dafi ya yi. In ya ci gaba da tonon ƙasa, a koma a sake dafawa. Wannan shi ne zakaran gwajin dafi. Yanzu har yabo ake yi da kalmar, a ce wane zakaran gwajin dafi ne cikin tsaransa, amma dai ba mu taɓa jin an nemi ra'ayin zakaran ba.

Kada a ɗauka wannan wasa da kalmomi ne irin na malaman harshe. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya tana da wata takarda ta ƙa'idojin bincike a kan ɗan'adam, wadda aka fara amincewa da ita a birnin Helsinki cikin 1964, ana kuma yi mata gyara lokaci lokaci. A gyaran 2024, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka yi shi ne sauya kalma ɗaya tun daga farkon takardar har ƙarshenta. Aka cire kalmar Ingilishi mai nuna mutum a matsayin wanda ake aiki a kansa, aka sa wadda take nuna shi a matsayin wanda ake yi tare da shi. Aka kuma ƙara da cewa lalle a riƙa tuntuɓar masu shiga bincike da al'ummarsu kafin a fara, da sa'ad da ake ciki, da bayan an gama. Shekara 60 ke nan likitocin duniya suka yi kafin su rarrabe "da" ɗin wuƙa da "da" ɗin Audu a rubuce.

Ita ƙa'idar neman yardar mutum kafin a yi gwaji a jikinsa ta girmi wannan takarda. An rubuta ta cikin 1947, a hukuncin shari'ar da aka yi wa likitocin Nazi a birnin Nuremberg na Jamus, ita ce ma ta farko cikin ƙa'idoji 10 da alƙalan suka tsara. Amma rubutu bai hana abin da ya faru a Tuskegee, cikin jihar Alabama ta Amurka ba. Daga 1932 har zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar ta bi sawun baƙaƙen fata 600, galibinsu talakawa manoma, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, don a ga yadda cutar take cin mutum in ba a yi mata magani ba. Fenisilin ya samu, ya zama maganin cutar tun cikin shekarun 1940, amma ba a ba su ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni ɗalibin harshe, shi ne dabarar da aka bi. Mutanen wurin suna da wani suna da suke kiran cututtuka barkatai da shi, ma'anarsa "mugun jini", kamar dai yadda mu nan mukan tara cututtuka goma mu ce musu "sanyi" ko "basir". Sai masu binciken suka ari wannan suna, suka ce musu maganin mugun jini ake yi musu. Watau an yi musu magana da harshensu, amma don a rufe musu ido. Sai cikin 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafarar 'yan kaɗan da suka rage da rai.

Kano, 1996

Ba sai mun tsallaka teku ba. Cikin 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Nijeriya, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Manya daga cikinku za su tuna da bazarar shekarar. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya turo ma'aikatansa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, don su gwada wani sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara 200 aka ɗauka. Wajen rabinsu aka ba Trovan, saura kuma aka ba su seftiriyazon, wanda sanannen magani ne. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓa.

Wajibi ne in yi adalci a nan. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kuma bar wa yaro irin waɗannan lahani. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta jawo, ba maganinsa ba, ya ce kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen sun yarda da baki. Iyayen da suka kai ƙara kuwa cewa suka yi ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba a kuma sanar da su cewa a cikin wannan asibiti ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana ba da magani sananne kyauta ba. Ba a iya kawo takardun amincewa masu hannun iyaye ba. Wasiƙar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da aka nuna, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka mai da kwanan wata baya. Jaridar Washington Post ce ta tono maganar a ƙarshen 2000. Gwamnatin Kano ta kai ƙara cikin 2007, aka yi sulhu cikin 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sa'an nan sai cikin 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, watau shekara 15 bayan annobar.

Asarar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Cikin 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna. Dalilan suna da yawa, akwai siyasar gida da ta duniya a ciki, amma cikin hujjojin da masu ƙin ɗigon suke kawowa har da labarin Trovan. Rigakafin shan-inna ba gwaji ba ne, an daɗe da tabbatar da shi, sai dai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Kano ba ta koma ba sai cikin Yuli 2004, cutar kuwa ta sake ɓulla a ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka koma aka zauna da sarakuna da malamai da su kansu waɗanda cutar ta naƙasa, sa'an nan aka shawo kan al'amarin, har cikin 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. A tsakanin nan ne kuma, cikin 2007, Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa.

Ni ba alƙali ba ne, ba kuwa zan yanke hukunci a kan maganar da aka riga aka sulhunta ba. Amma ku lura da inda gardamar ta fi zafi: me aka faɗa da Hausa, a bakin gado, ga uwar da ɗanta ya sanƙare a hannunta?

Me uwar ta ji?

Mu ɗauka ma'aikaciyar jinya mai gaskiya ce, ta tsaya ta ce wa uwar yaro, "Likitoci suna wani bincike, za a yi wa yaronki gwajin wani magani." A asibiti kullum likita bincike yake yi: ya duba ido, ya taɓa ciki, ya ce a je a yi gwajin jini. Saboda haka "bincike" da "gwaji" a kunnen majinyaci wani yanki ne na jinya, watau neman abin da yake damun ɗanta shi kaɗai. Kalmar "magani" kuwa ta riga ta yanke hukunci, domin abin da ba ya warkarwa ba a ce masa magani. To, ga jimla ba ƙarya a cikinta ko ɗaya, amma ba ta isar da saƙon da aka aike ta ba, watau cewa su kansu likitocin ba su sani ba ko abin zai yi ko ba zai yi ba, kuma galibi don amfanin yaran da za su zo nan gaba ake yi.

Sai uwar ta ce, "To." Duk Bahaushe ya san "to" ba ta da nauyi ɗaya. Akwai ta "na ji", akwai ta "na gaji", akwai kuma ta "ya zan yi?" Harshenmu ya rarrabe matakai a nan: mutum yakan yarda, yakan amince, yakan haƙura, yakan sallama. Wanda ya amince zuciyarsa ta natsu, kalmar ma danginsu ɗaya da amana. Wanda ya haƙura kuwa ba ya so, ba shi da yadda zai yi ne. Takardun da ake kawo mini duk "takardar amincewa" ake so in rubuta a samansu, amma ina zargin da yawa daga cikin hannuwan da ake dangwalawa a ƙasansu na haƙuri ne.

Baturen nan masanin Hausa, A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirkii da aka buga cikin 1974, ya lissafa halaye 10 da Bahaushe yake auna mutumin kirki da su. Cikinsu akwai haƙuri da kunya da ladabi. Waɗannan ukun su ne suke hana majinyaci ya dubi idon likita ya ce a'a. Talaka ba zai yi wa mai farar riga musu ba, mace ba za ta yawaita tambaya a gaban baƙon namiji ba, ga kuma tsoron in aka ƙi za a yi fushi a daina duba yaron. Mai binciken da ya ga shiru ya ɗauke shi a matsayin yarda ya ci moriyar tarbiyyar mutane ke nan. Cikin halayen nan 10 akwai amana da adalci, su ne kuwa rabon mai bincike. Abin da suke nufi a aikace ba shi da wuya. Kada likitan da yake duba mutum ya zama shi ne mai neman yardarsa. A faɗa, a kuma faɗa, cewa wanda ya ƙi ba za a rage masa kome daga jinyarsa ba, wanda ya shiga kuma yana iya fita ran da ya ga dama. In hali ya yi, a bar mutum ya koma gida ya yi shawara ya kwana a kanta. Sa'an nan a daina tambayar "Kin gane?", domin amsarta guda ce, a ce, "In kin koma gida maigida ya tambaye ki, me za ki ce masa mun ce?" A nan ne za a ji abin da ya shiga.

Akwai kalmomin da suka fi waɗannan wuya. A gwajin magani akan raba mutane gida biyu, ba likita ne kuma yake zaɓen gidan da kowa zai faɗa ba, don kada son zuciya ya sa ya tura masu ƙarfi wajen sabon magani. Na ga an fassara wannan da "caca", na ga an ce "canki-canka". Wace uwa ce za ta ba da ɗanta a yi caca da shi? "Ƙuri'a" ta fi, domin mutanen karkara sun san ta wajen rabon gona ko naman watanda, sun kuma san don adalci ake jefa ta. Amma ita ma sai an yi hattara, gama yau in ka ce ƙuri'a, zaɓe ne yake faɗo wa mutane a rai. Haka kuma ƙwayar nan da ake yi kamar magani alhali ba kome a cikinta, wadda ake ba gida na biyu a wasu gwaje-gwajen don kwatanci. In ka ce mata "jabu", ka tuna wa mutane da 'yan damfara masu sayar da alli a madadin magani. Jini ma, "mililita 5" ba ta da ma'ana ga kowa, amma in ka ɗauko cokalin shayi ka ce cikinsa ɗaya, an gane. A kuma faɗi inda za a kai jinin da abin da za a yi da ragowarsa, in ba haka ba gari zai ƙirƙiro nasa bayanin. Ga kuma dattijon da ake sa shi dangwale kamar jahili, alhali yana karanta ajami sarai, ba wanda ya yi tunanin rubuta masa takardar da shi. Ba a ofis na gano waɗannan ba. A bakin majinyata da danginsu na ji su, bayan na yi nawa kuskuren.

Kafin a ɗaura sirdi

Duk wannan gyaran ƙarshen tafiya ne. Inda majinyaci ya fi amfani shi ne tun wajen zaɓen tambayar da za a bincika, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alal misali, akwai wani taron ƙwararru na duniya da aikinsa shi ne tsai da abubuwan da za a riƙa aunawa in ana gwada maganin amosanin gaɓɓai. Likitocin sun daɗe suna ƙirga gaɓɓan da suka kumbura, suna auna zafin ciwo da alamun jini. Cikin 2002 aka fara gayyatar masu cutar su zauna a taron, sai suka ce, ina gajiya? Suna nufin irin gajiyar nan da take hana mutum tashi daga shimfiɗa ko da ciwon ya lafa. Ba ta cikin lissafin ƙwararru sam. Aka bincika aka tarar ana iya auna ta, cikin 2006 aka amince a riƙa sa ta a gwaje-gwaje. A Ingila kuma, cikin 2004, an kafa wata ƙungiya, James Lind Alliance, wadda take tara masu cuta da masu jinyarsu da likitoci, ban da kamfanonin magani, su fitar da tambayoyi 10 da suka fi so a amsa musu game da cutar, a miƙa wa masu ba da kuɗin bincike.

Misalin da ya fi burge ni ma na harshe ne, kuma a cikin Ingilishi ya faru, tsakanin Turawa da Turawa. Daga 1999 an fara wani babban gwaji a Birtaniya a kan sankarar ɗan ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, don a kwatanta hanyoyi uku: tiyata, gashi, ko kuma a bar mutum ana duba shi a kai a kai. Maza da yawa suka ƙi yarda a jefa musu ƙuri'a. Da aka ɗauki hirarsu da likitoci a kaset aka saurara, aka kuma tattauna da su, sai aka gane cewa sunan da likitoci suke kiran hanya ta uku da shi, a kunnen majinyaci yana nufin a zuba masa ido har ya mutu. Aka sauya sunan, aka gyara yadda ake jera bayanin, sai masu yarda suka tashi daga kashi 40 cikin 100 zuwa kashi 70. In haka ta faru ga masu harshe ɗaya, ina ga mu da likita yake tunani da Ingilishi, yana magana da Hausar asibiti, majinyaciyar kuwa wataƙila Fulatanci ko Kanuri ne harshen gidansu?

Ku kawo abin gida. Likita yakan auna amfanin maganin sikila da alƙaluman jini. Uwar yaron kuwa in an tambaye ta, mai yiwuwa abin da za ta ƙirga shi ne dare nawa aka yi ba barci, kwana nawa bai je makaranta ba, da kuɗin mota zuwa asibiti. Mai yoyon fitsari, likita ya ga ɗinki ya kama ya rubuta nasara. Ita kuwa tambayarta ko za ta iya riƙe alwala, ko za ta shiga cikin mata a gidan biki, ko ɗakinta yana nan. Binciken da bai auna waɗannan ba zai amsa tambayar da ba ita ce ta hana su barci ba.

Sai dai kalmar "jama'a" ita ma tana da ruɗi, domin jama'a ba ta da baki ɗaya. A cibiyar binciken lafiya ta Navrongo, a arewacin Gana, ba a shiga gari da bincike sai an gai da sarki da dattawa bisa al'adar wurin, sa'an nan a kira taron gari a fili kowa ya yi tambaya. Mu ma nan ba mai hankalin da zai tsallake hakimi da dagaci da mai unguwa da liman. Amma izinin shiga gari dabam, yardar mutum a kan jikinsa dabam, kuma a nan ne haɗarin yake: in mai gari ya ce a yi, wa zai ce ba ya yi? Tilas a roƙi mai garin shi da kansa ya faɗa a bainar jama'a cewa wanda ya ƙi bai saɓa masa ba. Haka maganar matan aure. A nemi izinin miji, al'adarmu ke nan, ba kuwa zan ce a watsar da ita ba. Amma yardarsa ba ta zama tata ba. In ya yarda ita ta ƙi, magana ta ƙare.

A Kilifi, a gaɓar tekun Kenya, cibiyar binciken da ke can ta bi wata hanya, ta sa mutanen kowane yanki su zaɓi wakilansu da za su riƙa zama da masu bincike a kai a kai. Ina ganin wannan ya fi abin da na sha gani a nan, watau kwamitin wakilan jama'a da aka cika da 'yan boko da tsofaffin ma'aikata, ana taro a otel da Ingilishi, ba unguwarzoma, ba wanzami, ba ko mutum ɗaya mai cutar da ake magana a kanta. In za a kira talaka shawara, a kira shi inda zai saki jiki, a lokacin da ba na gona ko kasuwa ba, a kuma biya shi yininsa kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre. Ni ma'aunina ga irin wannan kwamiti tambaya ɗaya ce: me aka sauya a tsarin binciken saboda maganarsu? In ba a iya nuna ko abu ɗaya ba, shan lemo aka yi.

Rashin wannan shawara yana kashe bincike mai kyau ma. Cikin 2004 a Kambodiya, da 2005 a Duwala ta Kamaru, an dakatar da gwajin tenofobir, wanda ake so a ga ko zai kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau. Ƙungiyoyin matan da abin ya shafa da masu fafutuka suka ce ba a shawarce su ba, ba a kuma yi tanadin wadda ta kamu ko ta sami lahani ba. A Kamaru cikin ƙorafe-ƙorafen har da cewa da Ingilishi aka ba da bayani ga mata masu jin Faransanci. Daga baya gwaje-gwaje a wasu wurare suka nuna maganin yana karewa, Amurka ta amince da shi don rigakafi cikin 2012. Rikicin nan ne ya sa hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita da wata ƙungiya, suka fitar da jagoran tafiya tare da al'umma cikin 2007.

Kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce na hana bincike. Sanƙarau ɗin 1996 irin da likitoci suke kira "A" ne. Da aka tashi neman sabuwar allurar rigakafinsa cikin 2001, sai aka fara da tambayar shugabannin lafiya na ƙasashen Afirka, suka ce in ta wuce santi 50 na dala ba za su iya saye ba. A kan wannan aka gina aikin, aka haɗa allurar a Indiya, aka gwada ta a can da Mali da Gambiya da Senegal da Gana. An fara yin ta ga jama'a cikin 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi cikin 2011, irin "A" kuwa ya kusa ɓacewa daga yankinmu, ko da yake sauran ire-iren suna nan. Iyaye ne irin namu suka miƙa 'ya'yansu aka yi wannan gwaji. Irinsu suna da haƙƙin a koma musu da labarin abin da aka gano, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a taron gari ko a rediyo, da harshen da aka roƙe su da shi. Abin da aka fi yi shi ne a buga sakamakon a mujallar ƙasar waje, mutanen ƙauye kuwa su wayi gari su ga motocin sun daina zuwa, ko ban kwana babu.

Ina da roƙo ɗaya ga tsangayar likitanci da sashenmu na Hausa. Mu haɗu mu tsara ɗan ƙamus na kalmomin binciken lafiya, da boko da ajami, da sharaɗin ba kalmar da za ta shiga ciki sai an karanta ta ga majinyata, maza dabam mata dabam, na birni da na karkara, sun faɗi abin da suka ji da bakinsu. Ɗalibanmu na shekarar ƙarshe suna iya yin wannan aiki a matsayin kundinsu, abin da suke bukata bai wuce na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota ba, da kuma izinin kwamitin ɗa'a mai kwanan wata na gaskiya.